Ra'ayina kan aikin fisiyo da nayi saboda ciwon gwiwar hannu da yaƙi ci yaƙi cinyewa

Assalamu alaikum jama'a. Tunda na daina ɗaura bel ɗin da nake sawa a hannu saboda ciwon gwiwar hannu mutane keta tambayata wai ina naje, me akamin, shin gashin ƙashin nan yana aiki kuwa ko ɓata lokaci ne da kuɗi, shine nace bari kawai in zauna in rubuta abun da na gani da idona a cibiyar fisiyo, wato wurin gashin ƙashi, da na riƙa zuwa, mai daɗin da marar daɗin. Bazan ambaci sunan wurin ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan koka, kuma abun da zan faɗa zai yi wa mutum amfani ko wace cibiya zashi. A taƙaice dai na gamsu, inda maki zan bayar zan basu 8 cikin 10, amma fa ba don na'urorin da suke tallatawa a bakin ƙofa ba, saboda mutum ɗaya ce da ta san aikinta ta kuma faɗamin gaskiya tun ranar farko.

Aikina haɗa wayar lantarki ne, wato sukundireba da filaya da abun huda bango basa barin hannuna tun safe har yamma. Ciwon ya fara ne a ɗan ƙashin nan da ya turo ta wajen gwiwar hannun dama, da farko sai na murɗa sukuru mai tauri nake jinsa, daga baya ya zama ko kofi na ɗauka sai naji ya soke ni, buɗe murfin kwalba ya zama aiki, murɗa makulli ya zama aiki, gaisawa da mutum mai ƙarfin damƙa kuwa sai na cije. Da safe hannun ya sandare, zafin yana saukowa ta bayan hannu har kusa da wuyan hannu. Abun da yafi damuna ƙarfin riƙo ne ya tafi, kana riƙe da abu sai kaji hannun ya saki da kansa, kuma ga wanda yake hawa tsani da kayan aiki wannan ba ƙaramin hatsari bane. Haka nayi ta fama wata da watanni har ya tasamma shekara. Likitoci suna kiransa ciwon gwiwar 'yan tenis amma mafi yawan masu fama dashi basu taɓa riƙe abun buga tenis ba, kafintoci ne da makanikai da masu fenti da masu ɗinki da masu wuni akan kwamfuta, yafi kama 'yan shekara 35 zuwa 55, kuma a cikin manya 100 ana samun 1 zuwa 3 dake dashi.

Kafin inje fisiyo na sha ƙwayoyin rage zafi, na shafa man diclofenac wanda gaskiya yana ɗan lafar dashi na awanni, na huta na wani lokaci, sannan wani likita yamin allurar siteroyid, wato maganin rage kumburi, a daidai wurin. Wallahi makonnin farko bayan allurar nan na ɗauka an gama, babu zafi ko kaɗan, na koma aiki gadan-gadan. Sai gashi ya dawo, kuma dawowar tafi ta farko muni don har cikin dare yake tashina in na juya akan hannun. Daga nan ne aka rubutamin takarda zuwa wurin masu gashin ƙashi.

Zaman farko shine ya sayi zuciyata, kuma shi nakeso in fi daɗewa akai don anan ake gane wurin kirki. Likitar fisiyon da ta dubani bata taɓa hannun ba sai da ta gama tambayoyi, wane aiki nakeyi, wane kayan aiki yafi tayar dashi, awa nawa nake riƙe dasu, ina shan taba ko a'a, ina da ciwon suga, wane magani nasha kwanan nan, har ta tambaya ko an taɓa bani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin don wai irin wannan maganin yana iya raunana jijiyar dake haɗa tsoka da ƙashi. Sannan ta fara da wuya, nace likita ai gwiwar hannu ke ciwo, tace Malam kayi haƙuri, wani lokacin matsalar daga wuya take saukowa, wani lokacin kuma wata jijiyar saƙo ce ke matsewa a ƙasan gwiwar kaɗan sai ayi ta maganin da ba nata ba. Ta juya min kai hagu da dama, ta duba kafaɗa, ta duba ko yatsuna suna sagewa. Bayan nan ta danna ɗan ƙashin nan naji har tsakiyar kaina, tace in dunƙule hannu in ɗaga wuyan hannun sama ita kuma tana danne shi ƙasa, zafi ya tashi, tace in miƙe ɗan yatsan tsakiya ta danne shi, nan ma ya tashi a wuri ɗaya. Sai ta ɗauko wani abun awon ƙarfin damƙa mai allo kamar agogo tace in matse a hankali in tsaya daidai inda zafi ya fara, ta auna hannun lafiya ta auna mai ciwon, mai ciwon ko rabin ɗan uwansa bai kai ba alhali shine hannun da nake aiki dashi. Gani ya kori ji. Ta rubuta lambar a kati, ta bani wata takardar tambayoyi 15 akan zafi da ayyukan yau da kullum na cike, tace da waɗannan biyun zamu riƙa gane ko muna gaba ko muna baya, ba da yadda ka tashi da safe kaji ba. Bata turani hoto ba, tace yawanci gwajin hannu ya isa a gane wannan ciwon, sai in an ga wani abun da bai dace da shi ba ake neman sikanin.

Bayaninta akan menene ciwon ma ya canza min tunani. Ni duk zatona kumburi ne shi yasa nake ta bin maganin kumburi. Tace a wanda ya daɗe haka ba kumburi ne babban abun ba, tsokokin da suke ɗaga wuyan hannu da yatsu duk suna haɗuwa su manne a wannan ɗan ƙashin ta wata jijiya guda mai tauri, to ita ce aiki yafi ƙarfinta, zaren cikinta ya hargitse yayi rauni kamar igiyar da ta fara tsinkewa sili-sili saboda yawan ja. In ka ajiye hannu gaba ɗaya zafin zai lafa amma jijiyar ƙara laushi takeyi, ranar da ka koma aiki ka koma gidan jiya. In kuma kaci gaba da dukanta yadda ka saba bata samun sararin gyaruwa. Abun da takeso shine nauyi daidai gwargwado, a hankali, kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan jijiyar bata da yawan jini kamar tsoka shi yasa take da nawa wajen warkewa. Tace in sa a raina watanni 3 kafin inga canji na gaske, ƙila 6 ko fiye kafin in manta dashi, duk wanda yace maka zama biyar ka warke to ba gaskiya ya faɗa maka ba. Raina bai so jin haka ba a lokacin amma ita ce maganar da tafi kowacce yimin amfani.

Da na bata labarin allurar bata zagi likitan da yamin ba, kuma hakan ya ƙara mata daraja a idona, cewa tayi kawai allurar tana da ranarta amma a wannan ciwon bincike ya nuna sauƙinta na ɗan lokaci ne. Na koma gida na nemi binciken na karanta da kaina don in tabbatar. Akwai wanda akayi a ƙasar Holan aka buga a mujallar Lancet a 2002, an raba marasa lafiya 185 gida uku, masu allura da masu fisiyo da waɗanda akace su jira kawai, a mako na 6 kashi 92 na masu allura sun samu sauƙi, masu fisiyo kashi 47, masu jira kashi 32, amma da shekara ta zagayo sai lissafin ya juye, masu allura suka sauko kashi 69, masu fisiyo suka kai 91, masu jira 83. Akwai wani kuma daga Ostireliya da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2013 mai mutum 165, waɗanda akayi wa allurar siteroyid kashi 54 ciwon ya dawo musu cikin shekara, waɗanda akayi wa allurar da babu maganin a ciki kashi 12 ne kawai. Da na karanta wannan sai naga ashe abun da ya sameni ba baƙon abu bane, haka allurar take yiwa mutane da yawa.

To shi atisayen kansa ba wani abun burgewa bane a ido, kuma inaga shi yasa mutane da yawa suke raina shi su daina. Matakin farko ko motsi babu, zaka ɗora hannu akan tebur tafin yana kallon ƙasa wuyan hannun ya ɗan leƙo bakin teburin, ka riƙe ɗan ƙarfe mara nauyi ko gorar ruwa ka tsaya cak kamar daƙiƙa 30 zuwa 45, ka huta ka sake, sau 5. Na ɗauka wasa ne sai da hannuna ya fara rawa. Da wannan ya zauna sai muka koma ɗagawa da saukewa a hankali, ta fi matsamin akan saukewar, tace ka ɗaga da taimakon ɗayan hannun in yayi nauyi amma saukewa hannun mai ciwo ne zaiyi shi kaɗai kana ƙirga uku zuwa huɗu, sau 15 a jere, zagaye 3. Mun fara da rabin kilo, muka je kilo 1, haka dai ana hawa, kuma bata taɓa ƙara min nauyi don mako ya cika ba, sai in ta ga wancan ya daina wahalar dani kuma lambar awon damƙa ta motsa. Akwai kuma na juya hannu, ka riƙe guduma ta ƙasan ƙotarta ka riƙa kwantar da ita hagu da dama a hankali, wannan shi yafi kama da murɗa sukundireba shi yasa ta saka min shi.

Daga baya ta kawo wata sandar roba mai gurbi-gurbi da ake kira FlexBar ta kamfanin TheraBand, tana zuwa kala-kala gwargwadon tauri, rawaya ita ce mafi laushi sai ja sai koriya sai shuɗiya. Wani ƙwararren fisiyo na Amurka mai suna Timothy Tyler ne ya fito da salon murɗa ta, zaka riƙe ƙasanta da hannun mai ciwo wuyan hannun a ɗage, ka kama samanta da hannun lafiya ka murɗe, ka miƙe hannayen biyu a gabanka, sannan ka bar hannun mai ciwo ya warware murɗin a hankali. Faɗa da baki ba wuya amma sai da ta gyara min riƙon akai-akai kafin ya zauna, kuma anan naga amfanin mutum akan bidiyo, don na kalli bidiyon abun amma ashe ni da hannun lafiya nake warwarewa ban sani ba, ita da kallo ɗaya ta gano. Sandar nan nafi sonta akan ƙarfen don tana shiga jaka, a wurin aiki ma ina yi lokacin hutu. Na fara da ja yanzu ina koriya.

Abun da ban zata ba shine rabin lokacin zaman akan kafaɗa da allon baya yake tafiya, jan roba zuwa ƙirji, buɗe hannu waje gwiwa na manne da haƙarƙari, turawa a bango. Tace in kafaɗa bata da ƙarfi to gwiwa da wuyan hannu ne suke ɗaukar aikin da ba nasu ba musamman ga mai aiki hannu a sama irina, kuma hannun da ya shekara ana lallaɓa shi dukkansa ne yake raguwa ba gwiwar kaɗai ba.

Dokar zafi da ta bani ita ce ta ciremin tsoro. Tace ka auna zafin daga sifili zuwa 10, lokacin atisaye in ya tsaya 3 ko 4 ba laifi kaci gaba, sharaɗin shine zuwa washegari ya koma yadda yake, in ka tashi da safe yafi na jiya to nauyin yayi yawa, ka rage amma karka daina. Kafin nan duk ɗan zafin da naji sai in ɗauka ina ƙara yaga wani abu ne a ciki, sai in janye hannun. Samun ma'auni a hannu yasa na daina wannan fargabar, kuma ko ba komai wannan kaɗai ya biya zuwan da nayi.

Tana kuma yin wani abu da hannunta a farkon zama, zata riƙe damtsena ta tura ƙashin hannun gefe ta wajen gwiwa tace in matse abun awon, sai inji zafin ya ragu nan take lambar kuma ta hau. Tace salon wani ɗan ƙasar Niyu Zilan ne Brian Mulligan. Bata zuzuta shi ba, tace sauƙinsa na ɗan lokaci ne, amfaninsa shine ya buɗe maka hanya kayi atisayen ba tare da cije baki ba, har ta koyamin yadda zanyi wa kaina a jikin ƙofa.

Sai gyaran yadda nake aiki. Ɗaukar kaya tafin hannu na kallon sama gwiwa kusa da jiki maimakon a cafko abu ta sama, naɗa tef a ƙotar kayan aiki tayi kauri don kar sai na matse da ƙarfi, amfani da sukundireba mai batir inda zai yiwu, raba aikin murɗawa kar a haɗa shi a awa ɗaya, canza hannu in abun ba na ƙwarewa bane. Bel ɗin da nake ɗaurawa kuwa cewa tayi a ƙasan gwiwa ake sa shi da kamar faɗin yatsu biyu, akan tudun tsokar, ba akan ƙashin dake ciwo ba, kuma lokacin aiki mai nauyi kawai, ba a kwana dashi ba a wuni dashi. Bata taɓa cemin in bar sana'ata ba, tace wanda yake ciyar da iyali ba'a ce masa ya ajiye hannu wata uku, sai dai a nemo yadda zaiyi aikin jijiyar na samun sarari. Wannan maganar ta shigeni sosai.

To yanzu inda suka ɓata min rai. Na farko, ba kullum nake samun ita wannan likitar ba, in tana da wani uzuri sai a haɗani da duk wanda ke nan, kuma wasu ko katina basa buɗewa, sai kawai a kwantar dani a manna min wayoyin nan masu tsikara, a shafa man sanyi a goga na'urar altirasawun, a kunna jar fitila, minti ashirin ace an gama. Yana da daɗi a jiki ba musu amma zan fito ba wanda ya auna damƙata ba wanda ya duba ko ina atisayen daidai, kuma kuɗin zaman ɗaya ne. Da na tambayi likitar akan na'urorin bata ɓoye ba, tace hujjar amfaninsu a wannan ciwon bata da ƙarfi, in an ƙara dasu ba laifi amma in sune duka maganin to an bar jaki ana dukan taiki. Ina ganin wannan babban gyara ne da ya kamata masu wurin suyi, mai ciwon da ya daɗe yana buƙatar mutum ɗaya da ya san tarihinsa, ko aƙalla a tilasta wa kowa karanta kati kafin ya taɓa mara lafiya. Daga baya ni da kaina nake cewa a teburin rajista in ba ita bace a ɗagamin ranar.

Na biyu, masu karɓar baƙi sun matsa min da tallar wata na'ura mai bugun jijiya da suke kira shokwef, wai in biya zama da yawa a dunƙule za'amin ragi, tun kafin likita ma ta ganni a ranar. Ban ce na'urar bata yiwa kowa amfani ba, binciken da akayi akanta wani yace tana taimakawa wani yace bata fi na bogi ba, amma wannan shawara ce ta likita da mara lafiya bayan an gwada atisaye an ga inda aka tsaya, ba ta mai rubuta rasit ba. Mutumin da ciwo ya gallaba komai kace masa zai biya, kuma bai kamata aci da wannan raunin ba.

Na uku jira, a baka lokaci kazo akan kari ka zauna kusan awa, ga wanda ya baro aiki wannan asara ce. Na huɗu takardar atisayen da suke bayarwa hoton ya dushe saboda yawan kwafi har baka gane ina tafin hannu yake kallo, dole na roƙi likitar ta ɗaukeni bidiyo da wayata ina yi tana gyarawa, kuma ina ba kowa shawarar yayi haka. Tsabta kam ba laifi, ana canza zanin gado, akwai labule tsakanin marasa lafiya, kuma suna tambaya ko kafi son namiji ko mace ta duba ka.

Akwai wata magana da adalci yasa dole in faɗa. In ka koma kan lissafin Holan ɗin nan zakaga masu jira kawai ma kashi 83 sun samu sauƙi a shekara, kuma a binciken Ostireliya ɗin ƙarin fisiyo bai kawo wani babban bambanci ba da shekara ta cika duk da ya taimaka a makonnin farko ga waɗanda ba'ayi wa siteroyid ba. Wato wannan ciwo ne da yawanci lokaci ke warkar dashi, kuma likitar da kanta ta faɗamin haka, abun da ba kowane mai neman kwastoma zai faɗa ba. To me fisiyo ya ƙara min kenan? A ganina abu uku ne, an tabbatar min ba wuya bane ba jijiyar saƙo bace, an dawo min da ƙarfin riƙo wanda zama kawai baya dawo dashi, sannan an hanani komawa allura ta biyu da ta uku lokacin da haƙurina ya kusa ƙarewa. Wanda ciwonsa sabo ne na makonni kuma baya hana shi aiki zai iya rage abun dake tayar dashi ya jira ya gani, amma wanda ya haura wata 6 yana fama, kaya na faɗuwa daga hannunsa, ni dai ina ganin zama da ƙwararre yafi jira.

Kuma tafiyar ba miƙaƙƙiya bace. Wajen tsakiya na samu wani aiki na huda bango mai yawa, ciwon ya tashi kamar ba'a taɓa komai ba, naje wurinta raina a ɓace nace likita mun koma baya. Ta ɗauko abun awo ta auna, lambar ta ɗan sauka amma har a lokacin tafi ta ranar farko nesa ba kusa ba, ta nuna min katin tace Malam duba nan, tashin zafi daban komawa baya daban. Ta maida ni kan atisayen tsayawa cak na 'yan kwanaki, ta rage nauyin, muka sake hawa. Inda ba'a rubuta wannan lambar tun farko ba inaga a ranar zan watsar da komai, shi yasa nake nanata maganar awo.

Ga wanda zai nemi wuri, ga abun da zan ce ya lura dashi tun zaman farko, sun duba wuyanka da kafaɗarka ko gwiwar kawai suka kalla, sun auna wani abu sun rubuta, sun baka aikin gida sun kalli yadda kakeyi, sun faɗa maka watanni ko sun maka alƙawarin kwanaki, sun tambayi sana'arka. In amsar duka a'a ce kuma kullum kwanciya ce a ƙarƙashin fitila to ka nemi wani wurin ko ka nemi a canza maka mutum, hakkinka ne. Sannan dan Allah in akwai sagewar yatsu, ko gwiwar ta kumbura tayi ja da zafi ga zazzaɓi, ko bata miƙewa tana maƙalewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ne, kar ka ɗauki atisayen da na lissafa ka fara da kanka, likita zaka gani tukunna don wannan wani abun ne daban. Masu shan taba da masu suga kuma su sani nasu yakan fi jan lokaci. Tiyata kuwa 'yan kaɗan ne suke kaiwa gareta, kuma sai bayan anyi watanni masu yawa ana atisaye na gaske ba'a dace ba.

Yanzu Alhamdulillah ina wuni da kayan aiki, ina gaisawa da mutane ba fargaba, dare ina barci akan hannun. Bai tafi ɗari bisa ɗari ba, in na wuni ina murɗa abu mai tauri washegari da safe inajin ɗan tauri a wurin na mintuna kafin ya sake, kuma awon ƙarshe ya nuna hannun dama ya kusa kamo na hagu amma bai wuce shi ba, alhali a mai aiki da dama shi ya kamata ya ɗan fi ƙarfi. Ta rage min zuwa, yanzu sai in leƙa bayan makonni, atisayen kuma sau 3 a mako maimakon kullum, tace inci gaba dashi ko bayan zafin ya ɓace gaba ɗaya na wasu watanni. Zuwa na gaba zamu sake awon damƙa da takardar tambayoyin, in lambar ta hau zata maida ni kan shuɗiyar sandar ta kuma ƙara min atisayen ɗaga kaya sama da kai saboda aikin silin.